Injin da Na Sayo Ya Gano Babur Ɗin Babanmu a Gulbi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana, don a Magama ko tari na yi an san ni ne. 'Yan uwa shawara nake nema, don Allah ku ba ni, kuma a yau kam a bar zolaya, duk da na san ni ne shugaban masu zolayar.

Ni dai mutum ne da na daɗe ina faɗa a majalisa cewa daga Jibiya har Maraɗi babu mai hangen nesa irina, da a Turai aka haife ni da yanzu jirgin sama ke kai ni masallaci. Shago gare ni na kayan waya kusa da boda, na haura hamsin, ga iyali ga tumbi, Alhamdulillahi. To bara sai na fara kallon bidiyon Turawa a waya, suna shiga ruwa da wani inji mai kama da sanda da faifai a ƙasa, su fito da zobe da sarƙa. Nan take na tuna labarin da muka taso muna ji, cewa zamanin da kuɗin mai ya ɓarke a ƙasar nan, masu fasa-ƙwauri in sun hango kwastan ko takwarorinsu 'yan duwan na Nijar sukan binne dukiya a yashin gulbi, ruwa ya zo ya shafe alamar, shi ke nan. Na ce ai wannan banki ne ba mai gadi. Na tafi Kano na sayo injin, mai shagon ya ce sunansa fals indokshin, yana harba wuta cikin ƙasa ne ya saurari abin da zai dawo, ruwa ba ya damunsa, jiƙaƙƙen yashi ba ya ruɗa shi, kuma yana ji har can ƙasa. Sai ya ƙara da cewa aibinsa ɗaya, ba ya bambance ƙarfe, kukan da zai yi wa zinari shi zai yi wa ƙusa. Lokacin ban ma saurare shi ba, ina can ina lissafin inda zan gina bene.

Da rani ya yi na ɗauki abokina na tun yarinta, zan kira shi Mai-faci don sana'arsa ke nan, muka riƙa zuwa wani tsohon mashigi ta wajen Farfaru, inda akwai gurbin da ruwansa ba ya ƙafewa. Da hantsi muke zuwa mu dawo kafin la'asar saboda yanayin rashin tsaro da ake ciki. Ku gan ni da gajeren wando, ruwa iya ƙugu, abin ji a kunne, ina jan faifai kamar mai share gidan kifi. Abin da na haƙo a makonnin farko ya isa a buɗe kasuwar 'yan gwangwan, ƙusoshi, murfin lemo, gwangwanin kifi, cokali, har da tsohon kwaɗo ba makulli. A majalisa aka sa mini Injiniyan Gwangwani, ni ma ina taya su dariya, ina ce musu ranar da na fito da tukunyar zinari ko gaisuwa sai sun cike fom.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku labarin Babanmu, don a nan matsalar take. A wancan zamanin na kuɗin mai, Baba yana cikin waɗanda suka fara sayen babur a unguwarmu, yana ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya yana tsallakawa da su Nijar ta bayan fage. Da ya ga kayan sun fi ƙarfin mazaunin baya, sai ya ɗauki kan gadon ƙarfe na Innarmu, gadon aurenta, mai wata murɗaɗɗiyar fulawa a tsakiya, ya kai wa mai walda aka yi masa kariyar ɗora kaya a bayan babur da shi. Yayata mace, wadda ta girme ni kuma ta fi ni tunawa, ta ce an yi rigima a kan gadon nan ba kaɗan ba. Ana cikin wannan fushin, wata rana da damina ya ɗaure kwanukan samira na wani attajiri ya fita, bai sake dawowa ba. Ni lokacin ina ƙarami, abin da nake tunawa kawai ƙarar babur ɗin. Aka nema aka gaji, sai wani direba ya zo ya rantse ya gan shi a kasuwar Maraɗi da wata mace a bayansa. Daga nan magana ta zauna, cewa ya gudu da kayan mutane ya yi sabon aure. Mun taso ana nuna mu da baki. Inna ta riƙe mu da sayar da tuwo a tasha, alƙali ya raba auren amma ta ƙi yin wani, ta ce ta ga iyakar maza. Har yau ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce mutumin Maraɗi. In tana sadakar azumi takan ambaci iyayenta da maƙwabtan da suka rasu, har ungozomar da ta karɓi haihuwata, amma shi ko sau ɗaya. Abin da take faɗa a kansa in ranta ya ɓaci ba zan iya rubutawa ba. Kuma har gobe a kan gadon nan take kwana, ƙafa da fulawa, kai babu.

To ranar wata Talata, a gefen gurbin inda ruwa bai wuce gwiwa ba, injin ya kwarma wani irin kuka da na ji har cikin haƙorina. Na ce wa Mai-faci yau talauci ya yi sallama da zuriyarmu. Muka kama haƙa da shebur da hannu, yashi yana rushewa muna kwashewa. Muka fara cin karo da bakin wili duk tsatsa ta cinye shi, sai kan inji, Mai-faci ya ce tsohon babur ne, ya fara yi mini dariya. Ni ma na buɗe baki zan yi, sai hannuna ya kama wani ƙarfe a baya, na shafa, na ji murɗin fulawar nan. Jama'a, a kan 'yar uwar fulawar nan na koyi tsayuwa, ko a makance na san ta. Muka ƙara buɗewa, ga sarƙar ɗaurin kaya yadda aka ɗaure ta, ga kwanukan samira a jere cikin juna sun manne, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ban san lokacin da na zauna a cikin ruwan ba. Mai-faci ya san labarin gidanmu, ya cire hula ya yi salati.

Da na ɗan dawo hayyacina na sake zagayawa da faifan. Kamar taku biyu daga babur ɗin injin ya sake yin kuka, amma siriri, irin na ƙaramin abu mai zurfi. A nan maganar mai shagon Kano ta dawo mini. Zai iya zama ƙusa ko murfin lemo irin wanda na saba haƙowa, zai kuma iya zama agogon hannun Baba, don Yaya ta ce ba ya rabuwa da shi. Injin ba zai gaya mini ba, sai na haƙa. Ni da nake cika baki ko kada na gani zan kama shi da hannu, wallahi shebur ɗin ya gagare ni ɗagawa. Muka mayar da yashi, muka ɗora dutse, muka taho.

Na je na gaya wa Yaya, a nan rigima ta tashi. Ta yi kuka ta share, sannan ta ce in rufe bakina in kuma rufe ramin. Hujjarta ita ce Inna ta tsufa, ga hawan jini, kuma wannan fushin shi ne sandar da take dogarawa tun muna yara, in aka ce mata mutumin da ta shekara kusan hamsin tana tsine wa yana kwance a gulbi tun ranar da ya fita, ba tare da ta taɓa ce masa Allah ya jiƙa ba, to mu shirya makara biyu. Ni kuma na ce mata Baba fa yana da haƙƙi, in yana wurin ya kamata a tono shi a yi masa sutura da salla kamar kowane Musulmi, a kuma wanke sunansa, don har yanzu akwai masu ce wa 'ya'yana jikokin wanda ya gudu da samira. Ta ce babur ba gawa ba ce, wa ya sani ko ruwa ya ƙwace masa ne ya tsira da ransa, kunyar mai kaya ta hana shi dawowa, kuma direban nan gaskiya ya faɗa? Ita ma fa tana iya yin daidai. Ta ƙare da cewa in na kuskura na gaya wa Inna wani abu ya same ta, ba ita ba ni. Tun ranar ko wayata ba ta ɗauka.

Ga shi lokaci ba ya jirana. Hadari ya fara haɗuwa, ruwa ɗaya mai ƙarfi in ya sauka gulbi zai kawo, dutsen da yashin duk su tafi, wataƙila ba zan sake gane wurin ba. In kuwa na haƙa na tarar da abin da nake tsoro, ba a jana'iza a ɓoye, kafin azahar Inna ta ji. Mai-faci ya yi mini alƙawarin shiru, amma na san shi, sirri a bakinsa kamar iska ce a tayar da ƙusa ta huda, kuma jiya matarsa ta gaishe ni da wata irin murya ta tausayi da ban saba ji ba. Abinci ya daina shiga, a majalisa har tambaya ake ko ba ni da lafiya don na daina ba da labari.

Don Allah malamai da masu iyaye tsofaffi a gidan nan, me zan yi? In haƙa ko in bari ruwa ya rufe? In gaya wa Inna da bakina kafin ta ji a bakin 'yan unguwa, ko in bi maganar Yaya in bar ta ta ƙarasa kwanakinta da abin da ta sani? Wanda ya san hukuncin addini a kan wannan ya faɗa mini.

Kada ku ce ban gwada ba. Shekaranjiya da yamma na shiga ɗakinta, tana zaune a bakin gadon tana tsinke zogale. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, "Inna, wai da a ce Baba ba guduwa ya yi ba fa?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Mi ya kawo zancen ga? Kai dai ka maida ƙarfen ga naka inda ka sawo shi, ka koma shagonka. Shi ma ubanka da sayen ƙarfe ya fara."