Ba Yawo Kake Yi Ba, Yaya Ma'azu

Guangzhou, ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana Ma'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rekiya da ɗiyata Mariam. Allah Ya ƙara maka lafiyar ƙirji, Ya tsare ku daga sanyin ƙasarku. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai laimar garin nan, a shanya riga ta wuni ba ta bushe ba. Na yi waya da Kano: Inna tana nan lafiya, ƙafar ce takan motsa idan ta daɗe a tsaye. 'Yar'uwarmu Ummu Salma ta yaye yaronta, kuma an gyara rufin ɗakin tsakar gida kafin ruwa ya sauka. Na zaɓi in rubuto maka da hannu, duk da ka san rubutuna, saboda a waya kai kake magana ni kuma in ce to. Wannan karon ba to zan ce ba.

Ka sani Kawu Ghali yana haɗa maka takardar gayyata domin ka baro Faransa ka zo ka zauna a ofishinsa na unguwar Liwan a nan garin. Shi ya sa ni in rubuto in lallashe ka, wai kana jin maganata. To ga shi na rubuto, amma abin da zan gaya maka shi ne kada ka zo. Na riga na faɗa masa haka da bakina, don haka ba bayan idonsa nake yi ba.

Yaya, kai ka jawo wannan da kalma ɗaya. Ranar sallah da aka haɗa mu a waya, Inna ta tambaye ka wane irin aiki kake yi a ƙauyen nan, ka ce aikinka na yawo ne, kana kula da masu yawo. Na san kalmar Faransawa ka juya a ranka, amma ni ina kallon fuskar Inna a lokacin. Ka manta a gidanmu wa ake ce wa ɗan yawo? Wanda ya bar sana'ar ubansa ya bi duniya, shi ne. Magana zarar bunu ce. Kana kashe waya ta kira ƙaninta tana kuka, wai ɗanta da ya yi karatu ya zama mai gantali a daji da Turawa. Kawu kuwa ya ce ta share hawayenta, shi zai ɗauko ka. Ruwa ba ya tsami banza: tun bara yake neman wanda ya iya Faransanci saboda 'yan Nijar da 'yan Gine da suke kawo masa kaya, kuma ya gaji da ɗaukar tafinta duk lokacin baje kolin Pazhou.

Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, muna cin taliya a shagon Musulmin nan da mutanen Kano suke taruwa, sai Kawu ya ɗauko zancenka. Ya nuna wa mutane hotunan da ka turo, na kogin Sele da duwatsun da suka tsaya a kansa kamar bango, da tsohon gidan da aka gina a jikin dutse, da bukkokin makiyaya na dutse. Ya ce su dubi inda ɗan yayarsa yake, garin da ba kasuwa, sai kango da tumaki, yana bin bishiyoyi yana shafa musu fenti kamar mai tsafi. Aka yi dariya. Wani ya ce ai Bature in ya ƙoshi sai ya goya jaka ya shiga daji neman gajiya, mu kuwa gajiyar ce take neman mu. Ni ma na so in yi dariya, don maganar ta yi daɗi. Na dai sunkuyar da kai na ci taliyata, amma maganar ba ta wuce mini ba.

Ka san halina, ba na musu a kan abin da ban gani ba. Da Lahadi ta zo sai na hau mota na tafi dutsen Baiyun da yake bayan gari, inda aka ce 'yan China suna zuwa irin wannan tafiya. Gani ya kori ji. Na ga tsofaffi sa'o'in Inna suna hawa, wani da 'yar rediyonsa a aljihu, wata tana tafiya da baya tana tafa hannu, wani yana riƙe da matarsa da ba ta gani sosai. Ba wanda yake sayen komai, ba wanda yake sauri. Wani tsoho ya ga ina haki ya miƙo mini ruwan zafi a murfin gorarsa, na ce masa shiye-shiye, wato na gode, ya nuna mini sama da yatsa yana dariya. Can gaba na tarar da wani mutum a durƙushe yana gyara matakalar da ruwa ya zaizaye. Duk wanda ya zo sai ya ratse shi ya wuce, ba mai kallonsa, amma a kan aikinsa kowa yake taka ƙafa. Na tsaya ina kallonsa har ya tsargu. Kai na gani, Yaya.

Kuma akwai abin da na sani wanda masu dariyar suka manta. Da na zo garin nan ban iya karanta komai ba, rubutunsu kamar kaji sun yi tono. In Kawu ya aike ni cikin lungunan Liwan, da alama nake tafiya: shagon da ake rataye agwagi, jan bokiti a ƙofar wata tsohuwa, bishiyar da saiwarta ta fasa bango. Ranar da tsohuwar ta shigar da bokitinta na ɓata har la'asar, duk wanda na tambaya sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Wanda bai taɓa ɓata a inda ba a jin yarensa ba, ba zai san darajar wanda ya bi hanya ya ja mata layukan fenti fari da ja a jikin dutse domin baƙon da bai taɓa gani ba. Ka ce mini in mutum ya kama hanyar da ba ita ba, zai ga an gicciya layukan, ma'ana ba nan ba, koma. To ka ɗauki takardar nan a matsayin wannan alamar.

Ban manta yadda kake ba lokacin da kake Paris kana aikin wanke-wanke. Ka rame, tari ya hana ka magana, in mun yi waya sai ka yi ta kallon gefe. Tun da ka koma kwarin kogin Sele muryarka ta dawo. Ranar da kake ba ni labarin kogon da mutanen farko suka bar tafin hannunsu a bango, da yadda ka sa naka hannun a iska kusa da shi ka ga girmansu ɗaya, sai da Anti Rekiya ta ce ka bar ni in yi magana. Ofishin Kawu ba shi da taga, Yaya. Ƙurar kwali da warin roba ne daga safe har rufewa. Ni ƙirjina na jaki ne, yana ɗauka. Naka ba zai ɗauka ba.

Duk wannan na gaya wa Kawu ranar Litinin, a tsaye, bayan na gama lissafa masa kwalayen da suka shigo. Ban ɗaga murya ba. Ya ce yaushe na yi bakin da zan sa a maganar manya, ni da ya ɗauko daga bakin kasuwar Kwari ta Kano ina dako. Na ce gaskiya ne, kuma ban manta alherinsa ba, amma in hidima yake so ga ni, ya ƙara mini aiki, zan ma koyi Faransancin a bakin 'yan Nijar ko da a karye ne. Ya ce ba ni yake so ba, mai ilimi yake so. Daga nan ya ce in zaɓa, ko in rubuto maka abin da ya ce, ko in nemi wurin kwana. Na ce masa, "Kawu, zan rubuta, amma abin da na gani zan rubuta." Yanzu haka ina kwana a ɗakin Osmanu, mutumin Kumasi mai haɗa kaya a kwantena, kuma ina taya shi aiki. Kada wannan ya dame ka. Katifar ta fi ta gidan Kawu laushi, kuma matarsa Memunatu tana dafa wake da shinkafa irin tasu. Juma'ar nan na je na gaishe da Kawu a masallaci, ya ba ni yatsu biyu yana kallon wani wuri. Juma'a mai zuwa ma zan je. Kawuna ne, ba zan yi gaba da shi ba, amma ba zan janye ba.

Na kira Inna na yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Na ce mata ɗanta mai gyaran hanya ne: yana sare ƙaya, yana ɗauke itacen da ya faɗi, yana gyara gadar ƙafa, yana sa alama don kada matafiya su ɓata, kuma hukumar yankin ce take biyansa. Na tuna mata abin da ita ta koya mana, cewa kawar da cuta daga hanya sadaka ce. Sai ta tambaya ko mutanen da suke bin hanyar suna isa inda za su. Na ce suna isa. Ta ce to me ya sa ba ka faɗa mata haka ba tun farko. Ba ta ce ta janye ba, don ta riga ta yi wa ƙaninta alkawari, kuma ka san ba ta son a ce ta yi magana biyu. Amma ta bar kuka.

Saura kai. Ummu Salma ta ce da aka tambaye ka cewa ka yi duk abin da manya suka yanke shi ne. Wannan ba biyayya ba ce, tsoro ne, ka yafe mini in na yi maka rashin kunya. Ka kira Inna ka gaya mata aikinka da bakinka, ka kira Kawu ka ce masa ka gode amma ba za ka zo ba. Ni ƙaninka, da ban kai ka karatu ba, na faɗi tawa a gabansa kuma ƙasa ba ta tsage ba. Idan kuwa ka bari kunya ta sa ka a jirgi, to ka sani ba zan je filin jirgi tarbarka ba. Zan so ganinka fiye da kowa, amma ba zan ɗauki jakarka in kai ta ofishin nan marar taga ba.

Ka gaishe mini da Anti Rekiya, ka ce mata ta taya ni wannan yaƙi tunda ita ce kusa da kunnenka. Ka shafa mini kan Mariam. Osmanu da Memunatu suna gaishe ku, haka Fawaz ɗan Fagge da ya ce kun yi makarantar allo tare. In ka yi waya da Gwaggo Lami a Damagaram ka isar mata da gaisuwata. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya bar zumunci.

Ni ne ƙaninka,
Alhasan.