Saƙin Inna da Katakan Mujitaba

Ƙafin Maiyaki, Kiru

Zuwa ga ƙanena Mujitaba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Kano, yaya damina? Mu nan sai godiyar Allah. 'Yata Fa'iza ta sauka lafiya, an sami namiji.

Saƙonka ya iso, cewa in ba direba katakan nan da ka bari a ɗakinka, waɗanda ka yi shekaru kana sassaƙa zane a jikinsu kana buga wa takarda da tawada. Ka ce in babu su, baje kolin da za ka yi ya rushe. To, karanta a hankali.

Bara ka ari zanen saƙin marigayiya Inna, wai za ka kwafi saƙar ka dawo da shi. Ka fi kowa sanin da hannunta ta kaɗa zaren ta saƙa, kuma duk jaririn gidan nan da shi ake fara goya shi, har da kai mai ƙaton kai. Ana gobe suna Fa'iza ta nuna mini hotonka a waya. Ka bi zanen da almakashi, ka yi masa gunduwa-gunduwa, ka manna a takarda da gam, kana tsaye a gefe kana washe baki. Wallahi na yi kuka kamar ranar da aka fita da Inna. Jikana da atamfar kasuwa aka goya shi.

Ka san wankan jego da cin itace, ga namu duk ruwa ya jiƙa shi. Sai na buɗe ɗakinka. Kai, katakan nan sun bushe da kyau! Safe da yamma da su nake tafasa wa mai jego ruwa. Wanda ka kwaikwayi saƙar Inna a kansa shi na fara turawa, ya kuwa fi duka ci. Na ƙarshe jiya ya shiga murhu, ban ji ko ɗar ba.

Direba zai ba ka ƙulli a baƙar leda. Tokar ce. Ka manna ta a takarda, ai ka iya.

Ka gaida matarka da yara. Allah ya ba da sa'ar baje koli.

Yayarka,
Asabe