Kwaɗon da Kuka Sa a Ƙofar Soronmu

Zuwa ga mai girma Shugaban masu binciken iska da ruwan sama, waɗanda suka kafa kayan aikinsu a unguwarmu ta Kurayyat, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Allah ya ƙara girma.

Sunana Hajiya Kulu, matar marigayi Malam Idi, wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. A nan Jidda aka haife ni. Kakana ne ya tako daga ƙasar Hausa, ya sauke farali, guzuri ya ƙare masa, ya zauna. Allah bai ba ni haihuwa ba. Ban taɓa ganinka ba, ban san sunanka ba, amma kwaɗonka na san shi sarai, don kullum a kansa nake buɗe ido. Da Hausa na rubuta, na kuma yarda a karanta wa kowa, domin da Larabci nake ciniki amma da Hausa nake jin ciwo. Na san ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Ina haya a ɗakin sama na gidan Ammu Salihu. Tun da na faɗi ƙuguna ya goce, matakalar gidan nan ta fi ƙarfina: tsaye take, ba abin dafawa, ba na iya sauka. Amma ƙofar ɗakina tana kallon ƙofar da ake fita saman soro, da sandata nake isa. Ita ce ƙofar da mutanenka suka rufe a watan Sha'aban, bayan sun gama magana da mai gida. Suka kafa wani farin akwati mai kama da ɗakin tantabaru, da sanda mai 'yan kofuna da ke juyawa ba hutu, da gwangwanin auna ruwa. Suka kewaye da waya, suka toshe gurbin da ke tsakanin soronmu da na maƙwabta, suka danna kwaɗo suka tafi. Ba wanda ya ce mini kanzil. Ga ƙorafina.

Na farko. Mai girma, ina zaton da aka kawo maka labarin soron nan cewa aka yi fili ne mai tsawo, ba itace, ba gini a kusa, ba kowa. An yi maka rabin gaskiya. Gidajen layinmu a manne suke da juna, kuma ta sama mata suke bi. Namiji yana da titi, yana da masallaci, yana da shagon gahawa. Mu soro muke da shi. A nan ake shanya, a nan ake tsince shinkafa, a nan ake sanin wadda ta haihu da wadda mijinta ya rasa iƙama, takardar izinin zama. Soron Ammu Salihu shi ne na tsakiya, don haka duk mai zuwa aron turmi ko kai gaisuwar mutuwa ta gabana take wucewa. Ina zaune a tabarmata cikin 'yar rumfata a saman soron ina ɗinkin hula, ba na zuwa ko'ina, amma unguwa gaba ɗaya tana zuwa wurina. Har tsiya suke mini, wai ni ce askari mai tsaron hanya, ba a wucewa sai an biya ni da labari. Ban musa ba, ina karɓa kuwa.

Tun da aka rufe, sai su bi ta titi. Wanda ya bi ta titi kuwa ba ya hawa matakala don ya gaida tsohuwa, sai da dalili. Ban zarge su ba, kowa da hidimarsa. Azumin bana gaba ɗaya ni kaɗai na sha ruwa. Matar mai gida takan hawo da kwano, Allah ya saka mata, ta ajiye ta koma. Ina jin muryoyinsu daga can, ina gane dariyar kowace, amma abin da ake wa dariyar ba ya iso ni. Wani lokaci sai in ji kaina ina yi wa butata magana, in yi ta'awizi in yi shiru.

A cikinsu akwai aminiyata Sa'adiya, Bahaushiyar Sudan, wadda soronsu ke jikin namu. Tun muna amare muke tare. Yanzu idonta ya rufe, amma hanyar soro ta san ta da ƙafarta, ba ta neman ja-gora. Kullum bayan la'asar takan lallaɓo da bango ta zo, mu sha shayi, ta kushe ɗinkin da ba ta gani, in kushe shayin da ni na dafa. Za ka ce ta biyo ta titi mana. Ƙofarsu wani lungu take kallo, sai an zagaye layin duka. Ta gwada, surukarta ta riƙo ta, ta yi tuntuɓe a matakalarmu ta fasa gwiwa, ɗanta ya rantse ba za ta sake ba. Za ka ce to a ɗauke ni a saukar. Wa zai ɗauka? Ba ni da ɗa, ba ni da ƙane. In sa mazan mutane su ciccibi matar Malam Idi kamar buhun gawayi yara suna kallo? Sai ranar da ba zan san an yi ba.

Na biyu, maganar ruwan da aka yi a Shawwal. Kai masani ne, ka fi ni sanin inda ya fito. Abin da na sani shi ne yadda muke tarbarsa. In shita ta kama, wato lokacin sanyi, iskar kudu mai ɗumi da ake kira azyab ta taso, mata sukan fito su share soro tas, su zazzage indararo, su jera garewani da barmil. Na farkon a bar shi ya wanke ƙura, na bayansa a tara, domin ba ruwan da ya kai shi daɗin shayi. Sa'annan a ɗora ma'adus, shinkafa da 'yan ƙananan waken nan da ake kira adas da busasshen kifi, wanda mutanen Jidda ba su yarda an yi ruwa ba sai sun ci shi. Shekara da shekaru a rumfata ake dafa na layinmu.

Bana iskar ta taso, na ji tsintsiya tana aiki dama da hagu, namu soron ba mai sharewa. Da hantsi gari ya yi baƙi ta wajen teku, aka tsuge. Ashe dakalin siminti da mutanenka suka gina don kafa waya ya tare hanyar indararo. Ruwa ya rasa mafita, ya taru, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar da kuka rufe, ya shigo mini ɗaki. Da hannu ɗaya zan iya ture sharar da ta toshe 'yar kafar da ta rage, ina hango ta ta tsagar ƙofa, amma kwaɗo yana tsakani. Na kwashe abin da zan iya na ɗora a gado, na hau na zauna, ina kallon takalmana suna yawo a ɗaki. Na yi kira, ƙarar ruwa ta shanye muryata. Hulunan da na ɗinka don alhazan bana duk sun jiƙe, zare ya zuba. Ba su suka sa ni kuka ba. Abin da ya sa ni kuka, a daidai lokacin nan ina jin guɗa daga soron su Sa'adiya, ƙanshin kifi yana shigowa, yara suna tsalle a ruwa. An yi bikin da ake yi a ƙofata, an yi shi ba ni. Sai da la'asar surukar Sa'adiya ta ratso taɓo ta kawo mini nawa, ya huce, ruwa ya shiga ciki. Na cinye duka, don kada a ce na yi fushi.

Washegari ma'aikacinka ya zo, dattijon nan mai tabarau da ake kira muhandis, wato injiniya, wanda ke hawowa kowace safiya ya duba kayan. Fuskarsa fal murna, wai an sami ruwan da ba a samu ba da daɗewa. Na ce masa ya shigo ɗakina ya auna sauran. Ya ga ɓarnar da ruwa ya yi, ya sa aka fasa dakalin, ya ba ni haƙuri. Ina so ka san mutumin kirki ne, kada ka tsawata masa saboda ni.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na roƙi muhandis ya bar mini ƙofar a buɗe, ya cire wayar gurbin. Ya ce, "Wallahi ya Hajja mamnu'. Ba ni na hana ba, umarnin mudir ne." Mudir ɗin kuwa kai ne. Ya zauna a bakin matakala ya yi mini bayani. Ya ce shanya tana kare iska, kofunan su yi ƙarya. Ya ce a wata unguwa yara sun tsiyaya ruwa a gwangwanin, aikin wata guda ya lalace. Ya ce kuna son ku gano abin da ke sa guguwar shita ta zo wata shekara ta ƙi zuwa wata, ko sararin sama ne yake sauyawa, don a riƙa gargaɗin masu jiragen ruwa da mutanen da suka yi gini a hanyar kwari. Wannan aiki ne na alheri, ban raina shi ba. Ni ma na ga shekarun da aka share soro har tsintsiya ta ƙare ba ɗigo, na ga shekarar da ya zo lokaci guda ya tafi da bukkokin mutane a Khumra. In akwai mai iya gano dalili, Allah ya taimake shi. Sai na tambaye shi yaushe za ku gama. Ya yi dariya ya ce, "Ya Hajja, wannan ba ya ƙarewa. Shekara ɗaya ba ta nuna komai. Yimkin 'ya'yanmu ne za su ga amsar." Ya faɗa da alfahari, bai san abin da ya gaya mini ba.

Ran nan da ya buɗe ƙofar, ya bar ni na leƙa. Na hango Sa'adiya tsaye a jikin waya, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ji motsin kwaɗo ta fito. Tana ta kira, "Kulu, ya ukhti, ke ce? Yalla ɗaga murya, ba na ji!" Ta juya fuskarta wajen farin akwatinku, shi take yi wa murmushi, ta ɗauka ni ce a wurin. Na amsa mata, muka gaisa da ihu kamar masu tallan kifi, har muhandis ya gama rubutunsa ya ce lokaci ya yi.

Mai girma, ɗan Sa'adiya ya rasa kafili, mai tsaya masa ya zauna a ƙasar nan, ya yanke shawarar komawa Sudan. Da an sauko daga Arfa, jirgin da zai kwashe alhazan can da su zai tafi. Yau muna cikin Zulƙida. Ku kuna da shekaru a gabanku, har kuna shirin bar wa 'ya'yanku. Ni da ita makonni suka rage mana.

Don haka ga roƙona. Ban ce ku kwashe kayanku ba. Ku matsa da wayar kamu ɗaya daga bango, ku bar siririyar hanya daga ƙofata zuwa gurbin, ku ba ni makulli. Na yi alkawari ba mai shanya ko ɗankwali a soron, kuma duk yaron da ya doshi gwangwaninku zai haɗu da sandata. Ba za ku sami mai gadi kamata ba, kuma ba na neman lada. Ina kuma roƙon, duk soron da za ku hau nan gaba, ku tambayi matan gidan, ba mai gida kaɗai ba.

In wannan ya yi maka yawa, ka ba ni yamma ɗaya. Likkafanina yana cikin akwatin Sa'adiya. Tare muka saya, tare muka tsoma su a Zamzam, muka yi alkawari wadda ta rage ita za ta wanke 'yar'uwarta. Yanzu ba za ta iya cikawa ba, dole ta maido mini. Surukarta ta ce ta kawo, ta ƙi. Ta ce ba kwanon tuwo ba ne da za a ba ɗan aike, da hannunta za ta sa shi a hannuna, mu yafi juna. Ni kuma ba zan iya neman gafarar aminiyata da ihu ta tsagar ƙofa, unguwa tana saurare ba. In jirgin ya tashi kwaɗon nan yana nan, za ta haye teku da likkafanina a kayanta, don na san taurin kanta.

Allah ya ba ka nasara a bincikenka, ya nuna maka abin da kake nema a sararin sama. Allah ya raya maka zuriya, ya sa in tsufa ya zo maka, ya same ka cikin mutane.

Wassalamu alaikum.

Hajiya Kulu,
ɗakin sama, gidan Ammu Salihu, Kurayyat.