Shan Ruwa a Ranar da Ta Fi Tsawo

Gorton, Manchesta
22 ga Yuni, 2016

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara, ya ibada?

Mu nan lafiya lau. Council, wato ƙaramar hukumar nan, ta rufe wurin renon yaran da nake aiki, amma kada ki faɗa wa Inna, ina neman wani. In an samu mai tahowa, ki aiko min da kuka da daddawa.

Maƙwabtanmu suna bikin ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, karɓa-karɓa. Tun lokacin sanyi na ce bana a bayan gidana za a yi, ban tuna zai faɗo cikin azumi ba. Awa goma sha tara muke yi, Yaya. Ranar bikin, ƙarfe biyar na yamma suka iso, na jera waina da tsire, na ce bisimilla. Sai Kaneng, maƙwabciyata 'yar Jos, ta rufe kwanon, ta ce, "Batulu, ba mai ci sai kin sha ruwa."

Haka suka zauna, har da wani tsohon Bature, yana ta duba agogo. Tara da rabi ta gota, ya miƙo min dabino.

Rabona da shan ruwa cikin mutane tun a tsakar gidanmu. Allah ya karɓi ibadarmu.

Ƙanwarki,
Batulu