Sauran Sittin da Huɗu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ta daina kumbura? Ni lafiya lau, kada ki sa damuwa a ranki.

Sai dai ba zan dawo bana ba. Bincikena a kan alaƙar yawan karatu da makin jarrabawa ne. Lissafin ƙarfin alaƙar ya ba ni 0.6, na tsaya gaban malamai na ce karatu ke bayyana kashi sittin cikin ɗari na bambancin makin ɗalibai. Wata farfesa ta ɗauki alli, ta ce sai an ninka 0.6 sau 0.6 tukuna. Ashe kashi talatin da shida ne kacal cikin ɗari! Malamina, da ya sa hannu bai karanta ba, ya duƙufa yana latsa waya. An ƙara min shekara.

Ki gaya wa Inna a hankali, ki turo min hotonta. Baba kuwa, mai cewa wanda ya yi karatu dole ya ci, ki ce masa na auna maganarsa, talatin da shida ce. Shekara uku ban ɗaga kai daga littafi ba, ga ni cikin sauran sittin da huɗun.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki