Zanen da Madam ta jefa a shara

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya Chawezi da yara? Ni ƙalau nake a Cape Town, cizon karen nan ma ya kusa warkewa, kada ki damu.

Amma raina a ɓace yake. A gidan kula da yasassun dabbobi da nake aiki, Madam mai wurin ta sa kejin kuliyoyi suna kallon na karnuka, wai don baƙi masu zuwa ɗaukar dabbar da za su riƙe su ga komai a zagaye ɗaya. Karnuka na haushi wuni guda, kuliyoyi sun daina cin abinci. Wadda ta rame kuwa, sai allurar mutuwa.

Na rufe kejin wata tsohuwar kyanwa da zanen da kika ba ni, don kada ta ga karnukan. Ranar ta ci abinci. Madam ta fizge zanen ta jefa a shara, ta ce, "Temwani, wa zai ɗauki abin da bai gani ba? Ki sake, a bakin aikinki!"

Kyanwar ta sake daina ci, ran Juma'a aka yi mata allura. Ni na riƙe ta.

Allah ya ƙara miki lafiya. In direban bas zai taho daga can gida Mzuzu, ki ba shi duk zanen da ba kya ɗaurawa. Saura kuliyoyi tara.

'Yarki,
Temwani