Ruwan Jegon Firdausi

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Murjanatu, matar marigayi Malam Zailani na Zango. Ciwo ya ci jikina amma bai taɓa hankalina ba, don haka kada wani ya ce gigin tsufa ne. Kalilu, Sabiru, Shatu, da ku nake, kuma raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Ku daina gaya wa mutane cewa ƙanwarku Firdausi ta tafi Nijar wurin dangin miji. Tana gidan yari tana jiran shari'a, tun da aka kama ta a Kwangwalam da jakar kayan laifi da mijinta ya ba ta riƙo, shi kuwa ya tsallake iyaka. A can ta haihu, namiji. Da labari ya zo, Kalilu, ko barka ba ka ce ba. Abin da ya dame ka kawai kada a ji a masallaci.

Na biyu, wankan jego. Ni da wannan gwiwar nake shiga motar haya da ƙullin itace, da ganyen darbejiya, da kunun kanwa a fulas. Wata ganduroba mai suna Rauda, wadda ba mu haɗa komai da ita ba, ita ke hura wuta ta dafa ruwan. Tun da na kwanta wanka ya tsaya, arba'in kuma da sauranta. An ce mini ƙafafun yarinyar sun kumbura, nono ya ja baya. Shatu, duk haihuwarki ni na tsaya a kanki har fatar hannuna ta saluɓe, yau ke ce mai kunyar a gan ki a ƙofar gidan yari? Ɗauki babbar tukunyata gobe, ki ƙarasa mata.

Na uku. Ƙaryarku ta hana yaron suna, tunda ba a raɗa wa wanda aka ɓoye. Bakwai ta wuce babu rago, babu aski. Matan da ke tsare tare da ita, Baƙo suke kiransa, jikan Malam Zailani! Ragon da ke ɗaure a gidana, wanda Sabiru ke ta shafa wa baya yana lissafin layya, na yaron ne. A kira liman, a raba goro a ƙofar gida da safe kowa na gani, a sa masa Harisu, sunan mahaifina. A kai wa maijego ƙaurinta da zafinsa.

Na huɗu. Gonata ta hanyar Mai'adua na ba Harisu. Ba ta kai sulusin abin da na mallaka ba, shi kuma ba magajina ba ne, liman ya shaida. Ku sha zamanku, babu ƙofar gardama. Ranar da aka yaye shi aka ce a zo a ɗauka, gidan Kalilu zai zauna har uwarsa ta fito. Wanda ya kai shi gidan marayu, ni da shi a gaban Allah.

Allah ya shirye ku, ya haɗa kanku ku huɗu, ban ce ku uku ba. Albarka kam ina so in sa muku, ni na haife ku. Amma yafiyata na bar ta a hannun Firdausi. Duk mai so, ya shiga layin masu ziyara, ya faɗi sunansa da na ubansa da ƙarfi, ya karɓa a wurinta.